Amsa ga Baba Alhaji mai awo: wai me boko ya ƙara wa mutum a lissafi?

Assalamu alaikum Baba Alhaji, da fatan an yi kasuwa lafiya. A taron iyayen yara ka tambaye ni a gaban jama'a, ka ce kai ba ka taɓa zama a benci ba amma babu mai cutarka ko kwabo a kasuwar Gujungu, ga jikanka ɗan aji biyar ko canjin ɗari biyar sai ya tsaya ƙirga yatsu, to wai ina amfanin bokon? Lokaci bai bari na amsa ba, shi ne na ce bari in rubuta, na san yara za su karanta maka.

Gaskiyarka Baba, lissafi ba a aji aka haife shi ba. In aka ce maka tiya 37 a kan 2,500 ba za ka nemi biro ba, cika ta za ka yi buhu, tiya arba'in dubu ɗari, ka zare kuɗin tiya uku, saura dubu casa'in da biyu da ɗari biyar, kafin ni in gama jera lambobi har ka ɗaure bakin buhu. Tun 1973 aka daina fam da sule amma tsofaffinmu har yau da jaka suke lissafi su juya ta naira a ka. Manomi ya san dami ɗaya cikin goma ne zakkar noman damina, na ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin. Malaman zaure kuwa da sudusi da sumuni suke raba gado, ni mai koyar da lissafin ma sai na natsu. Kuma ba mu kaɗai ba, a wani bincike da aka wallafa a 1985, masu bincike a garin Recife na Burazil sun gwada yara 'yan talla, a bakin tallar suna ba da amsa daidai, da aka rubuta musu irin tambayar a takarda sai yawancinta ta gagare su.

Amma Baba ka yi haƙuri, lissafinka yana tafiya ne in ga hatsi ga kuɗi a hannu. Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace, mutane nawa suka sayar da akuya aka nuna musu waya aka ce ga alat nan, suka gyaɗa kai kawai? 15,000 da 150,000 sifiri ɗaya ne tsakaninsu, kuma sifirin nan ba ya da nauyi a hannu, ba a jin sa a baki, sai dai a gan shi a rubuce a san gurbinsa. A wurin mai POS dillalin da ya fi kowa kai sai ya koma yana roƙon yaro ya duba masa. Haka lambobin da ake rubutawa a buhun taki, 15-15-15 da 20-10-10 ba abu ɗaya ba ne, 46 ɗin da ke jikin yuriya kuma cewa take a buhu mai kilo 50 kilo 23 ne sinadarin da shuka ke ci. Ga ranar lalacewar maganin feshi, ga takardar bashi da aka rubuta kaza cikin ɗari duk wata, wanda bai karanta ba sai ya ɗauka duk shekara ne ya dangwala.

Batun jikanka kuma, wallahi laifin yawanci namu ne malamai. Muna sa yara rera jadawali da Turanci kamar waƙa, yaro ya haddace bai san bakwai sau takwas shi ne kuɗin ƙwai bakwai a kan takwas-takwas ba, alhali ƙanwarsa mai tallar gyaɗa da ba ta zuwa makaranta kullum ta fi shi saurin canji. Aji cike maƙil, malami ɗaya, wa zai tsaya ya tambayi yaro ta ina ka bi ka samo amsar?

Don haka roƙona kar ka cire shi. Ranar Lahadi babu makaranta, ka tafi da shi Gujungu ka zaunar da shi bakin buhu, kai ka yi naka a ka shi ya yi a takarda ku gwada, in kun saɓa a sake. Alat kuma in ya shigo shi zai karanta, ka sa ya ƙirga maka sifirin da ƙarfi kafin a ɗora kaya a mota.

Naka,
malamin lissafi na firamaren garinmu