Wan Mijina Ya Riƙe Gonar Marayu, Har Yaushe Zan Yi Shiru?

Zuwa ga Baba Fasto, mai amsa wasiƙun masu sauraro a shirin daren Lahadi.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya iyali, yaya hidima? Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima. Na daɗe ina sauraron shirinku, rediyo a gefen tabarmata, yara suna barci. Sau uku ina ɗaukar biro in rubuto muku ina fasawa, domin maganar ta cikin gida ce, kuma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma abin ya fi ƙarfin cikina. Ina roƙo kada a nemi sanin sunan garinmu ko na ikkilisiyarmu.

Ni gwauruwa ce, malamar firamare a wani ƙauye a kudancin jihar Katsina. Shekara 6 ke nan da rasuwar maigidana. Ya bar ni da 'ya'ya mata 4. Namiji ɗaya muka haifa, bai yi shekara ba ya koma. Abin da marigayin ya bari shi ne gidan da muke ciki, da gonar tudu da ya gada daga mahaifinsa, da wata fadama da ya saya da guminsa. Wannan fadamar, Baba, sai da na sayar da awakina 5 na cika masa kuɗinta, takardar cinikin ma tana cikin akwatina da sa hannun mai unguwa. Tumatir da albasar da muke nomawa a cikinta da rani su ne kuɗin makarantar yara.

Bayan an watse daga makoki, wan mijina ya ce zai riƙe wa marayu gonakin, tunda ni aikin makaranta ba zai bar ni ba. Na yi masa godiya har da hawaye. Kakar farko ya aiko da buhu 4 na masara. Ta biyu, buhu 2. Ta uku ko hatsin kunu bai aiko ba. Da na je na gaishe shi na tambaya a hankali, sai ya ce a gidansu mace ba ta gadon gona, 'ya'ya mata na gidan wasu ne. A wannan shekarar ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka tsakanin gonarsa da ta ƙanensa, ya haɗe su suka zama ɗaya. Daga baya ya yanki rabin fadamar ya sayar, ya gina shaguna a bakin kasuwa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, wannan mutum dattijon ikkilisiya ne. Ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da muke karɓar gurasa da ƙoƙo don tunawa da Almasihu, shi ke riƙe faranti yana bin layi-layi, har ya iso gabana ya miƙo mini.

Ban yi gaggawa ba. Na bi abin da Ubangiji ya faɗa a Matiyu 18: na je wurinsa ni kaɗai, na koma da mutum biyu, sa'an nan na kai maganar gaban dattawa. Sun zauna sau biyu. Ba wanda ya ce ƙarya nake yi, ba kuma wanda ya ce masa ya mayar. Abin da na fito da shi kawai shi ne, “Ki yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, ramako na Ubangiji ne.” Suka karanta mini Romawa 12:19, suka kuma tuna mini da 1 Korintiyawa 6, inda Bulus ya tsawata wa masu kai ɗan'uwa ƙara gaban marasa bi. Na dawo gida na yi shiru, shekara 3 ke nan.

Cikin shirun nan na shiga karatun Littafi Mai Tsarki irin wanda ban taɓa yi ba. Ba zan ɓoye muku ba, ba don neman ta'aziyya na fara ba, nema nake in ga ranar da Allah zai kama shi. Na ga Maimaitawar Shari'a 27:17 ta la'anta mai kawar da shaidar iyakar maƙwabcinsa. Na ga Karin Magana 23:10-11 ta hana shiga gonar marayu, domin Mai Fansarsu mai ƙarfi ne, shi zai tsaya musu. Fitowa 22 ma ta ce idan aka wulakanta gwauruwa ko maraya suka yi kuka, Allah zai ji. Na ja wa ayoyin nan layi da jan biro. To, na yi kukan, Baba. Yara ma sun yi. Shagunan nan kuwa sai cika suke da kaya, bara ma ya sayi injin ban ruwa ya kafa a rabin fadamar da ya rage.

Sai na tarar ba ni na fara wannan tambaya ba. Irmiya ya yi ta a sura 12, ya ce wa Allah ya san shi mai adalci ne, amma me ya sa hanyar mugaye take albarka? Habakuk ya buɗe littafinsa da “har yaushe”. Asaf a Zabura 73 ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame da ya ga wadatar masu girman kai, har ya ga kamar a banza ya tsarkake zuciyarsa. Shi ya sami sauƙi da ya shiga Haikali ya gane ƙarshensu. Ni kuwa idan na shiga ɗakin sujada, mutumin nake tararwa zaune a kujerar gaba.

Labarin da ya fi hana ni barci shi ne na Nabot, a 1 Sarakuna 21. Sarki Ahab ya so gonar inabinsa ta Yezireyel, Nabot ya ce Allah ya sawwaƙe ya ba da gādon kakanninsa. Yezebel matar sarki ta rubuta wasiƙu da sunansa, aka yi shelar azumi, aka samo 'yan iska biyu suka yi shaidar zur, aka jajjefe Nabot har ya mutu. Dattawan garinsu ne suka aiwatar, wannan ban iya wuce shi ba sai da na ajiye littafin. Allah ya aiki annabi Iliya ya tari Ahab a cikin gonar, ya faɗa masa hukunci mai ban tsoro. Har nan zuciyata ta yi sanyi. Amma da Ahab ya yayyage tufafinsa, ya sa tsummoki, ya yi azumi, sai Allah ya ce wa Iliya, tunda ya ƙasƙantar da kansa, masifar ba za ta zo a zamaninsa ba sai a zamanin ɗansa. Na sani maganar ta cika daga baya, an kashe Ahab a yaƙin Ramot Gileyad, Yehu kuma ya sa aka jefar da gawar Yoram ɗan Ahab a filin Nabot. To amma Nabot bai gani ba. A 2 Sarakuna 9:26 ma an ambaci jinin 'ya'yansa tare da nasa, wato ba wanda ya saura da za a mayar wa gonar. Baba, adalcin da ya iso bayan mai haƙƙi ya shiga kabari, wa ya amfana? Ina rubuta wannan hannuna yana rawa, ba saɓo nake nufi ba.

Na san amsar da ake bayarwa. Bitrus ya ce a wasiƙarsa ta biyu, 3:9, Ubangiji ba jinkiri yake yi ba, haƙuri yake yi don kada kowa ya hallaka. Bulus ya ce a Romawa 2:4 alherin Allah don ya kai mutum ga tuba ne. Na gaskata. Amma Mai-Wa'azi 8:11 ma Maganar Allah ce, ita kuwa cewa ta yi idan ba a hanzarta hukunta mugun aiki ba, zuciyar mutane takan ƙara ƙarfi wajen yin mugunta. Abin da nake gani da idona ke nan. Tun da aka ga ya ci ta zauna masa, wata gwauruwa a unguwarmu an yi mata irin haka da shanun huɗar mijinta.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don kada ku ɗauka ni wankakkiya ce. Da daminar da ta wuce babban ɗan wan mijina ya faɗi a kan babur, ƙafarsa ta karye gida biyu. Da labarin ya iso ni ina tsakar gida ina tankaɗe, abin da ya fara zuwa bakina shi ne, “Allah ya fara.” Na ji daɗi, Baba. Yaron nan a bayana ya yi wayo, Inna yake ce mini, ko a hanya ya gan ni da kaya sai ya karɓa. Bai taɓa gonata ba. Ezekiyel 18 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba, Karin Magana 24:17 kuma ta hana murna ko da maƙiyin da kansa ne ya faɗi. Da na je duba shi ya riƙe hannuna yana cewa in yi masa addu'a, na rasa inda zan sa fuskata. Ranar na gane da a ce Allah yana hukunci nan take kamar yadda nake roƙo, da ban tashi daga kan turmin nan ba. Wannan haƙurin da nake jin haushinsa idan ya rufe wan mijina, shi ne ya rufe ni. Na sani, amma sanin bai kashe wutar ba. Na zama kamar Yunusa da ya zauna a gabashin Nineba yana fushi don Allah ya ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000.

Kafin Ista wan mijin nawa shi kansa ya kwanta ciwo har aka fara fid da rai. Ya aika aka kira ni. Ga dattawa zaune, ga matarsa, ga 'ya'yansa, ya ce, “Ki yafe mini duk abin da ke tsakaninmu.” Bai ambaci gona ba, bai ambaci fadama ba. Idanu duk suna kaina, na ce na yafe. Aka yi addu'a, aka yi waƙa, mata suna rungume ni. Allah ya tashi kafaɗunsa, kuma ko taƙin ƙasa bai mayar ba. Yanzu idan na buɗe baki sai a ce, ba kin ce kin yafe ba? Ni kuwa ina karanta Luka 19 na ga Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, da bakinsa ya ce zai mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, bayan haka ne Yesu ya ce ceto ya zo gidan nan. Akwai tuban da ba ya mayar da kayan mutane? Ni kuma da na ce na yafe alhali zuciyata ba ta faɗa ba, ƙarya na yi a gaban Allah?

Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar Jibi ba. Idan farantin ya iso sai in sunkuyar da kai ya wuce.

Babbar 'yata ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, kuɗin ya gagare ni, tana gida tana ɗinki. Ta daina zuwa sujada. Da na yi mata faɗa sai ta ce, “Mama, in Allah yana gani, me yake jira?” Ni da nake koyar da yara a makarantar Lahadi na rasa abin ce mata. Na fi jin tsoron wannan fiye da rashin gonar.

Wata 'yar'uwa lauya da muka haɗu a taron zumuntar mata ta ce mini in kai ƙara. Ta ce a 2014 Kotun Ƙoli ta Najeriya, a wata shari'a kan al'adar Ibo, ta yanke cewa hana 'ya mace gādon mahaifinta ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin ƙasa. Ta ce takardar fadamar da ke hannuna hujja ce mai ƙarfi. Ta kuma buɗe mini Littafin Ƙidaya 27, inda 'ya'yan Zelofehad mata su biyar suka tsaya gaban Musa da dukan taro suka nemi gādon ubansu da ya mutu ba ɗa namiji, Allah da kansa ya ce maganarsu daidai ce, a ba su. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kan wannan sura a ikkilisiyarmu ba. Na tuna kuma da gwauruwar Luka 18, wadda ta yi ta zarya wurin alƙali har ya gaji ya bi mata hakkinta, Yesu bai zarge ta da rashin haƙuri ba. Bulus ma da ya rubuta wa Korintiyawa, shi ne ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar.

To, Baba, ku raba mini wannan gardama da ke cikin raina. Haƙurin da Allah yake nema a wurina, shiru ne, ko kuwa zan iya neman haƙƙin marayu ba tare da na ƙwace ramako daga hannunsa ba? Idan na je kotu bayan ikkilisiya ta kasa, na yi zunubi? Ina tsoron a sa ni ƙarƙashin horo, dangin mijina su juya wa yaran baya, ranar aurensu a rasa wanda zai tsaya a matsayin uba. Idan kuma na yi shiru, ba na taya shi zama cikin zunubinsa ba, shi da ya riga ya leƙa bakin kabari ya dawo? Ku gaya mini kuma ko ya halatta in karɓi gurasa da ƙoƙo daga hannunsa da irin wannan zuciya tawa, da abin da zan faɗa wa 'yata wanda ba zai zama na rufe mata baki kawai ba.

Ina roƙo ku amsa kafin ruwan shuka ya sauka. Wan mijina ya riga ya fara kai taki gonar tudun, lauyar kuma ta ce gara a shigar da maganar tun bai sayar da sauran fadamar ba. Ku sa yarana cikin addu'a, har da shi wan mijin nawa, domin ni har yanzu bakina yana nauyi idan na zo kan sunansa.

'Yarku cikin Ubangiji,
Wata gwauruwa daga kudancin Katsina.