Cutar Siliyak: A Yi Gwaji Kafin A Bar Alkama, A Kula Da Injin Niƙa Bayan An Bari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da masu sayar da abinci da ma'aikatan asibiti kan wata cuta da ba kasafai ake tunawa da ita a wajenmu ba, wato cutar siliyak. Mai ita yakan shafe shekaru ana ba shi maganin olsa da taifot da na tsutsar ciki, a gida kuma ana ɗura masa jiƙon basir da na shawara, alhali abin da ke cin sa yana cikin burodin da yake karyawa da shi kullum.

Tushen matsalar wani sinadari ne da ake kira gulutin, wanda ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai (rye). Mai son ganinsa da ido ya kwaɓa fulawa da tauri, ya bar ta rabin awa, sannan ya riƙa murza ta cikin kwanon ruwa yana sauya ruwan har ya daina yin fari. Curin da zai rage masa a hannu, mai danƙo da talewa, shi ne gulutin. Shi ke riƙe iska funkaso ya tashi, shi ke hana taliya tsinkewa. Ga yawancin mutane abinci ne kawai. Ga mai siliyak kuwa, da zarar ya isa ƙaramin hanji sai garkuwar jiki ta tayar da faɗa, ta huce a kan bangon hanjin. Bangon nan yana da 'yan tsiro-tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Idan suka shafe, sai mutum ya ci ya ƙoshi amma jiki bai samu rabonsa ba.

Za a ce ai ciwon Turawa ne. Gaskiya ne wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da hannun alkama a ciki, bayan ya lura yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi a yunwar 1944 zuwa 1945 da burodi ya yi wuya, suka koma gidan jiya da burodin ya dawo. Amma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a duniya a nahiyarmu aka same shi: binciken da aka wallafa a 1999 kan yaran Sahrawi, 'yan asalin Yammacin Sahara, da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya nuna fiye da 5 cikin 100 na ɗauke da ita, mutanen da abincin agajinsu fulawa ce. A Sudan ma likitoci sun rubuta rahotonta tsakanin yara tun shekarun 1970. A duniya baki ɗaya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100. Mu nan alkama ba baƙuwa ba ce, amma a da alkaki da dubulan na biki da Sallah ne. Yau yaro zai karya da burodi, ya ci indomi da rana, ya kwana da tuwon semo, a tsakani kuma biskit da cincin.

A yara alamun sukan fito ne bayan an fara ba su abinci mai alkama, wajen yaye: gudawa mai daɗewa, kashi mai maiƙo da ɗoyi wanda ba ya wankuwa da sauƙi, ciki ya kumbura, ɗuwawu da cinyoyi su tsotse, girma ya tsaya, ga yawan rigima. A manya sau da yawa babu gudawa ko kaɗan. Sai ƙarancin jinin da an sha maganin ƙarin jini wata da watanni bai motsa ba, ko kasala, ko kumburin ciki, ko ƙurajen baki masu dawowa, ko wasu ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa, ko raunin ƙashi, ko yawan ɓari. Ba na cewa duk yaro mai gudawa da rama siliyak ke damunsa. A wajenmu tamowa da tsutsa da gurɓataccen ruwa sun fi yawa nesa ba kusa ba. Amma idan an magance waɗannan yaro bai murmure ba, a tuna da ita.

Inda aka fi yin kuskure shi ne mutum ya ji bayani irin wannan ya bar alkama da kansa, sannan ya je gwaji. Gwajin jinin, wanda ake rubutawa tTG-IgA, yana neman shaidar faɗan da garkuwar jiki ke yi ne. Idan an daina cin alkama faɗan ya lafa, sai sakamako ya fito lafiya lau alhali cutar na nan. Don haka a ci gaba da cin abinci yadda aka saba har a gama gwaji. Wanda ya riga ya bari, likita yakan sa ya koma cin kamar yanka biyu na burodi kullum na tsawon mako shida zuwa takwas kafin a ɗebi jini. A haɗa da auna jimillar IgA, wato wani sinadarin garkuwar jiki da gwajin ya dogara da shi, domin wasu jikinsu ba ya yin ta da yawa, gwajin farko sai ya yaudare su. Idan jini ya nuna, sai a zura na'urar hoto ta baki a tsinko 'yan ƙananan samfura daga farkon ƙaramin hanji. Wannan ma shi kaɗai bai isa ba, don wasu ƙwayoyin cuta na ƙasashe masu zafi suna shafe bangon hanji iri ɗaya. Jini da samfur tare ake dubawa. Idan an tabbatar, a gwada iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa shaƙiƙai, domin kusan 1 cikin 10 nasu yakan kasance da ita. Masu ciwon suga irin na yara, wanda ake yi wa allurar insulin, su ma sun fi sauran jama'a haɗari, ga shi kuma su ne ake ta yi wa nasihar su dage da tuwon alkama.

Magani ɗaya ne: barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa. Babu ƙwaya, babu allura, babu tsimi. A nan Allah ya rufa mana asiri, don gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo da doya da dankali da wake da gyaɗa da riɗi duk babu shi a cikinsu, haka nama da kifi da ƙwai da nono da ganye. Ba sai an sayi tsadadden garin kanti ba. Abin bari shi ne burodi, gurasa, taliya, makaroni, indomi, kuskus ɗin leda, fanke, funkaso, alkaki, cincin, kek, biskit, samosa, da semo, wanda mutane da dama ba su san tsakin alkama ba ne.

Wahalar tana cikin ɗan abin da ba a gani. Ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex ba ta yarda a kira abinci marar gulutin ba sai bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba, kuma abin da ake ganin yawancin masu cutar za su iya jurewa a yini bai wuce miligiram 10 ba. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na fulawa yana ɗauke da fiye da miligiram 200. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, tsami ba ya kashe shi. Kuma rashin jin ciwo bayan an ci ba ya nufin hanji bai ji ba.

A je wajen mai injin niƙa na unguwa a tsaya a duba. An gama niƙa wa wata alkamar tuwo, ya ɗan bubbuga bakin injin, ya juye masarar mai bi mata. Garin da ya maƙale a faranti da mazurari da tsumman bakin injin duk cikin masarar nan zai fita, musamman a kwanon farko. Mafita ita ce a nemi injin da ba a kai masa alkama sam, ko a sayi ƙaramin inji na gida, ko a koma turmi. Zuba tiya guda ta share injin a ba sauran 'yan gida yana rage haɗarin, amma ba ya kawar da shi. A kicin kuma a ware wa marar lafiya rariyarsa da muciyarsa da matsamin taliya daban, don itace da ragar rariya suna riƙe gari; tukunyar ƙarfe da cokali wanki da sabulu ya ishe su. A fara tuƙa nasa tuwon a rufe kafin a buɗe buhun fulawa. Man da aka soya fanke a ciki ba a soya masa ƙosai ko doya da shi, alhali haka masu suyar bakin titi sukan haɗa su a mai ɗaya.

Ɗanwake shi ne babban tarko. Na asali garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, amma yau na sayarwa sau da yawa da fulawa ake yin sa. A gida a auna kofi biyu na garin alabo, kofi ɗaya na garin wake, babban cokali biyu na kuka, a kwaɓa da tataccen ruwan kanwa kaɗan-kaɗan har ya yi yauƙi ya kama jikinsa. Sai ruwa ya tafasa sosai a fara jefawa. Idan ya narke a tukunya, kuka ta yi kaɗan ko ruwan bai tafasa ba. Idan ya yi ɗaci da duhu, kanwa ta yi yawa. Bayan ya taso sama a bar shi kamar minti goma. Haka kuma a riƙa tambayar mai waina ko ta sa fulawa a ƙullu, mai tuwon masara ko ta haɗa da semo don ya yi danƙo, mai kunu ko akwai alkama a haɗin, mai kifi da awara ko an turbuɗa su a fulawa. A kayan leda da gwangwani a karanta jerin abin da ke ciki, a nemi wheat, barley, rye, semolina ko malt, a Nijar kuma blé, orge, seigle. Dunƙulen ɗanɗano da garin kayan shayi da lemun malt sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, wani malt ɗin na dawa ne, wani na sha'ir. Wanda bai fayyace ba a bar shi. Daddawa da kayan ƙamshin da aka daka a gida sun raba gardama.

Sauƙi yakan fara cikin 'yan makonni, amma hanjin babba yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye kafin ya warke. A watannin farko madara takan ɓata wa wasu ciki saboda raunin hanjin. Kindirmo ya fi sauƙin karɓuwa, kuma matsalar takan wuce. A dage da hanta, nama, wake, zogale da alayyahu don jini, kuka da riɗi da ƙananan kifi don ƙashi, likita kuma ya duba ko ana buƙatar ƙarin ƙwayoyin jini da bitamin D. A maimaita gwajin jinin bayan wata shida, da bayan shekara, daga nan shekara-shekara. Idan bai sauka ba, kafin a zargi wata cuta a koma a binciki injin niƙa, dunƙulen miya, da abin da yaro ke karɓa a makaranta ko gidan maƙwabta.

Roƙona ga hukumar NAFDAC shi ne ta matsa wa masu ƙulla gari da yaji da garin kunu a leda su rubuta duk abin da suka haɗa, har da fulawar da ake ƙara wa kaya don auki. Manyan asibitocinmu su samar da gwajin tTG-IgA a farashin da talaka zai iya. Makarantun kwana kuma su karɓi takardar likita su ware wa irin waɗannan yara tukunya, kada a ɗauke su masu tsirfa ko zaɓen abinci.

Wassalam.

Naka,
Wani jami'in kula da abincin marasa lafiya,
Kano.