Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar kukan birki bayan canjin fad da diski

Assalamu alaikum,

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu kawo motoci garejinmu a nan Gombe, muna gaishe ku, da fatan iyali suna lafiya.

Tun shigowar hunturun bana muke samun ƙorafi iri ɗaya: an sa sabon fad (takalmin birki) da sabon diski (faifan ƙarfen da fad ke matsewa in an taka birki), an biya kuɗi, bayan kwana biyu sai birki ya dinga ƙara ƙiii da zarar an taka. Kuna da gaskiya in ranku ya ɓaci, domin ba wanda zai kashe kuɗinsa ya so jin kuka a ƙarƙashin motarsa.

Bari mu fara da laifinmu. Wani Alhaji daga Pantami ya dawo mana da Corolla ɗinsa kwana uku bayan aiki. Da muka cire taya, na shafa yatsa a fuskar diskin, sai ga maiƙo. Sabon diski yakan zo da shafen mai daga kamfani don kada ya yi tsatsa, kuma dole a wanke shi tas kafin a ɗaura. Yaronmu bai wanke ba, ni kuma ban duba ba. Fad ɗin ya sha man, ya yi santsi. Muka wanke diskin, muka sa wani fad da kuɗinmu, muka ba Alhaji haƙuri. Tun ranar, mota ba ta sauka daga jak sai na duba da idona.

Amma ba kowane kuka ne daga nan ba. Ƙarar da kuke ji girgiza ce mai saurin gaske tsakanin fad, diski da kalifa (ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin diski), kuma lokacin da take fitowa shi ke nuna mana inda matsalar take. Don haka idan kun zo, tambayarmu ta farko ita ce: yaushe yake kuka?

In da sassafe ne, taku biyu ko uku ya yi shiru, to ƙura ce ta kwana a kai, ko kuma tsatsar raɓa in damina ce. Wannan ba damuwa.

In kuwa sai an taka a hankali ne, kamar a cunkoson bakin Babbar Kasuwa, akwai abu biyu da muke zargi. Na farko, siraran farantan ƙarfe da ke bayan fad, waɗanda ke shanye girgiza. Fad mai araha sau da yawa ba ya zuwa da su, wasu masu gyara kuma sukan jefar da tsofaffin. Na biyu, fad ɗin bai zauna da diskin ba tukuna. Sabon fad sai ya bar ɗan shafensa a fuskar diski daidai wa daida kafin su saba. Ku sami hanya mai sarari, kamar ta Dadin Kowa in ba motoci, ku kai gudun kilomita 60, ku taka birki da ɗan ƙarfi har ku sauko kusan 10 ba tare da tsayawa cak ba. Ku maimaita sau 8 ko 10, sannan ku yi tafiyar 'yan mintuna birkin ya huce. Kuma direbobin Sharon masu bin hanyar Kaltungo da lodi, don Allah kada ku ɗora ƙafa a kan sabon birki tsawon gangara. Zafi yana ƙona fuskar fad ta yi ƙyalli kamar gilashi, daga nan sai sanfefa ko canji.

Kukan da ba ya jiran a taka birki, sau da yawa farantin kare ƙura ne da ke bayan diski ya lanƙwashe, ko tsakuwa ta maƙale. Aikin 'yan mintuna ne.

Wanda ke hana mu barci shi ne wannan: ƙarar gurzar ƙarfe da ƙarfe, ko mota tana ja gefe ɗaya, ko taya ɗaya ta fi sauran zafi da wari, ko sitiyari yana rawa in an taka. Fin ɗin kalifa, wato ɗan sandan ƙarfen da kalifar ke zamewa a kansa, shi ne ya bushe ya cije, ko diskin bai zauna daidai ba saboda tsatsa a mazauninsa ko ɗaurin noti ba daidai ba. Kada a kai yara makaranta da irin wannan motar.

Muna roƙonku da girman Allah, kada wanda ya zuba baƙin mai ko giris a kan diski don ya yi shiru. Zai yi shiru, birkin kuma ba zai kama ba. Giris na birki daban yake, kuma a fin da bayan fad kaɗai ake ɗan shafa shi.

Duk wanda muka canza wa fad ko diski, in ya ji ƙara cikin wata guda, ya dawo da rasit ɗinsa, dubawa kyauta ce. Muna buɗewa ƙarfe 8 na safe, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya tsare hanya.

Naku,
Mai gareji, a madadin dukkan ma'aikata