Masu zuwa dubiya, a riƙa tausaya wa wanda aka yi wa tiyata

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a? Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu jinya da masu dubiya.

Wata biyu kenan da aka yi min aikin ƙaba, bayan na shafe kusan shekara uku ina ɓoye ta ina ɗirkar jiƙe-jiƙe saboda tsoron wuƙa, sai da likita ya faɗa min gar da gar cewa ƙaba ɓula ce a naman ciki, hanji ke leƙowa ta nan, babu sassaƙen da zai ɗinke ta, kuma ranar da hanjin ya maƙale to aikin gaggawa ne ko da tsakar dare.

Kafin aiki an gwada jinina, an duba suga da hawan jini. Mai allurar barci ya tambaye ni me nake sha, wallahi saura kaɗan in ce ba komai, kunya ce ta kama ni, amma dai na lissafa masa har da asfirin ɗin da nake saya a kemis. Ashe asfirin tana sa jini ya ƙi tsayawa da wuri. Da na yi shiru fa?

Toh ga abin da ya sa na rubuto. Daren da za a shiga da mu nas ta ce daga 12 na dare kar a ci komai. Da asuba mahaifiyar yaron da ke gadon kusa da ni ta dama masa kunun gyaɗa mai zafi ya shanye kofi guda, da aka tambaye ta sai cewa ta yi, "Haba 'yata, kunu ai ba abinci ba ne." Shikenan aka cire sunansa aka ɗaga aikin. Ba mugunta ba ce, in an sa mutum barci da abinci a ciki yana iya amai ya koma masa huhu, shi ya sa ake so a yi aƙalla awa 6 ba a ci ba. Baiwar Allah nan kuka ta zauna tana yi, ita a ganinta gata ta yi masa.

Ni allurar baya aka yi min, idona biyu ina jin hirarsu amma ƙafafuna kamar na aro. Washegari nas ta ce in sauko in taka, yayata ta hau faɗa wai so ake ɗinki ya farke, alhali kwanciyar ce ke sa jini ya daskare a ƙafa.

Sai masu dubiya. Na san dubiya lada ce kuma na gode, amma mutum goma a kan gado ɗaya, wannan zai ɗaga bandeji ya ga wurin da hannun da ya gama gaisawa da jama'a, wancan ya ce a shafa man shanu, wani kuma sai a gabana zai ba da labarin maƙwabcinsu da aka yi wa irin aikin bai tashi ba. Ga masu ban dariya, su ba su san dariya da tari su ne azabar mai ɗinki ba, sai na danne wurin da filo nake iya tari. Sallah a zaune na yi ta kwana da kwanaki, nan ma sai da wani dattijo ya ce na cika raki.

An ce min kar in ɗauki abu mai nauyi har sati 6, ko jarkar ruwa, kuma in na ga zazzaɓi ko wurin ya yi ja yana ruwa in dawo asibiti, ba kemis ba.

Roƙona, mai zuwa ya tambayi mai jinya me ake buƙata tukuna, wani majinyacin jini ake nema masa a rasa mai bayarwa a cikin duk taron nan. Ni kulolin farfesu bakwai na ƙirga a ƙarƙashin gadona, masu jinyar ɗakin ne suka cinye, kuɗin magani kuwa sai da ƙanena ya ciwo bashi.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya