A Haɗa Wake Da Gyaɗa A Kayan Tallafi

Edita,

Ina cikin matan da ke raba abincin tallafi a unguwarmu duk Juma'a. Abin da ke damuna, kullum shinkafa ce, taliya da sukari. Ciki yana cika, amma yara suna ramewa.

Makon jiya wata baiwar Allah ta zo goye da ɗanta. Ma'aikaciyar lafiya ta auna kaurin damtsensa da igiyar awo mai launuka, awon ya faɗa kan ja, alamar haɗari, ƙasa da santimita 11.5. Tamowa ce. Wallahi hawaye na yi.

Ina roƙon masu bayarwa su riƙa haɗawa da wake, gyaɗa, manja da busasshen zogale. A kuma koya wa iyaye mata haɗa garin kunu na gero, waken suya da gyaɗa.

Wata uwa,
Kano.