Zuwa ga ɗiyata, kan maganar maigidana da tsoron bayi

Assalamu alaikum ɗiyata, ya gida ya yara, ya zafin Birnin Kebbi? Mu nan Argungu lafiya lau sai godiya. Saƙon muryar da kika turo ta WhatsApp na saurare shi har sau biyu, kuma ina jin kukan maigidana a bayan muryarki, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maki a tsanake tunda in na kira netwok ba ya barinmu mu gama zance.

Da farko dai don Allah ki aje bulalar nan. Kin ce kin ɗan tsula mashi jiya don ya ɓata wando, na san gajiya ce da wanki, amma yaron da ke ƙanƙame ki yana makyarkyata a ƙofar bayi ba taurin kai ke damunshi ba, tsoro ne, kuma duka ƙara shi yake. Shekararshi 2 da wata 4 fa. Yara da yawa tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa 3 suke koyon wannan abu, wasu ma su ɗan wuce, fitsarin dare kuwa yakan kai shekara 5 ba a gama da shi ba, to ina abin gaggawa? Maƙwabciyar da ke ce maki nata tun yana shekara ɗaya ya daina famfas, ki ce mata masha Allah ki wuce.

Ki durƙusa ki kalli bayin nan naku daga tsawonshi. Masai ne na zamani mai tsawo, in kin ɗora shi ƙafafunshi na reto ba su taɓa ƙasa, bakin ya fi ƙarfin ɗuwawunshi yana ji kamar zai zurma ciki, sannan ki danna ruwa ya yi wannan ƙugi ya haɗiye komai a gabanshi, in Nepa sun ɗauke wuta kuma ga duhu ga kyankyaso. Shi bai san ramin ba zai iya haɗiye mutum ba. Ki sai mashi fo na roba a kasuwa, ki bari shi ya nuna kalar da yake so, ki aje shi a tsakar gida inda akwai haske, kwana biyu ko uku ya riƙa zama a kai da wandonshi yana wasa ba wanda ya ce mashi yi komai. In ya saba sai a cire wando, bayan ya karya da safe da bayan tuwon dare, lokacin ciki ya fi motsawa, minti 5 ya isa, ya yi ko bai yi ba ki ɗaga shi ki ce sannu da ƙoƙari. Daga baya a hankali kina matsar da fo ɗin har ya kai ƙofar bayi, har ya shiga ciki. Ranar da zai hau babban, ki sa mashi ƴar kujera ya taka, kuma kar ki danna ruwa sai ya fita.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne da kika ce yana kwana uku bai yi kashi ba, kuma yana laɓewa bayan ƙofa yana miƙe ƙafafu yana ɗage. Ɗiyata wannan riƙewa yake yi. Wata rana kashin ya fito da tauri ya ji mashi ciwo, sai ya ɗauka wurin ne ke kawo ciwon, yana riƙewa kashin na ƙara bushewa a ciki, in ya fito ya fi na baya zafi, haka abin ke ta zagayawa. Muddin bai yi laushi ba, ko fo ɗin zinari kika sai mashi ba zai zauna ba. Ki rage biskit da indomi da burodin nan, ki yawaita mashi ruwa musamman da zafin nan, ki ba shi gwanda da kankana da lemu, wake, tuwo da miyar kuɓewa ko ta ganye. In ya roƙi famfas don ya yi a ciki ki sa mashi, gara ya yi da ya riƙe. In kuma kin ga jini, ko cikin ya kumbura yana amai, ko kin gyara abinci abin bai sauya ba, ki kai shi asibiti likita ya duba, kar ki sayo maganin wankin ciki a kemis ki ɗura mashi, kar kuma ki yarda wata ta ce a tura mashi sabulu.

Sai maganar bakin manya. Ki bincika ko akwai mai ce mashi dodo na cikin masai. Ni na yi wannan kuskure da yayanki, lokacin salgarmu ta rami ce ba murfi, ina tsoron ya faɗa, sai na ce mashi akwai dodo a ciki mai kama yara. Ya daina zuwa wurin kam, amma ya fi shekara ko wucewa ta ƙofar ba ya iya yi da dare, kuma har yau in na tuna sai in ji ba daɗi, da na sani da murfi kawai na sa aka yi da sakata. Addu'ar shiga bayi ki koya mashi ita da fara'a, a shiga da ƙafar hagu, a fito a ce gufranaka, ba sai kin cika mashi kunne da labarin aljanu ba, hankalinshi bai kai nan ba tukuna.

Abin da ya yi a fo ki juye a masai nan take, kar a watsa bayan katanga, ki wanke hannunki da nashi da sabulu, damina na tafe kin san yadda amai da gudawa ke yi mana. Tsarki kuma ki sirka ruwan butar da ɗumi in da sanyin safiya.

Ki nuna ma babanshi wannan saƙo don bakinku ya zo ɗaya, kar ke kina lallashi shi yana tsawa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo motar safe, zan taho da busasshen kifi da kuɓewa, ki ce ma maigidana amaryarshi na nan zuwa ta ga sabon fo ɗinshi. Ki gaida mutanen gidan duka. Allah ya yi maku albarka.

Innarki