Zuwa ga ɗana da ke Bagauda, kan maganar aikin lauya

Assalamu alaikum. Da fatan kana lahiya, ya karatu ya sanyin Kano. Mu nan Sakkwato duk lau, innarka na gaishe ka.

Ta faɗa min abinda kuka yi magana a waya, wai in ka gama Makarantar Lauyoyi ba ka son aikin banki ko ma'aikatar shari'a, kai lauyan kare haƙƙin talaka za ka zama irin Gani Fawehinmi. Ita hankalinta ya tashi, ni kam ban ce a'a ba, amma ina son ka san mutumin nan da kyau, don ku yaran yanzu abinda kuka sani nai bidiyo ne shina ɗaga murya gaban 'yan jarida.

Sunanshi Abdul-Ganiyu, musulmi ne ɗan Ondo, an haife shi 1938, ya yi karatun lauya a Landan cikin wahala bayan rasuwar mahaifinshi, ya fara aiki 1965. Shari'ar da ta fara fito da shi 1969 ce, ta wani lebura ɗan arewa Bala Abashe da ya kai ƙarar sakataren gwamnatin jihar Benuwai-Filato kan maganar matarshi, lebura da sakataren gwamnati kuma zamanin soja! Gani ya tsaya mai, ƙarshe shi aka kama aka tsare. Haka ya tsaya ma Minere Amakiri, ɗan jaridar da aka yi ma aski da bulala a Fatakwal 1973. Da aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam cikin ambulan a Oktoba 1986 ya bi maganar har Kotun Ƙoli yana neman a ba shi dama ya gurfanar da manyan jami'an tsaro. Babangida ya kai shi kurkukun Gashuwa 1989, Abacha ya ajiye shi Bauchi 1996. Kaga ba wasa ba ne, kuma iyalinshi su ma sun sha.

Toh amma abinda nike son ka riƙe shi ne wanga: mutumin nan karatu gare shi kamar mi. 1985 ya fara buga Nigerian Weekly Law Reports, littattafan hukunce-hukuncen nan da kuke haddacewa yanzu, duk sati suna fitowa, kuma lokacin da nike aikin rajista a kotu na ga yadda lauyoyi ke shigowa da su rungume an saka 'yan takardu tsakanin shafuka, wanda bai karanta ba alƙali zai tambaye shi wane hukunci ka dogara da shi ya tsaya yana share zufa da hankici, wanda yake karewa kuma shina cikin akwati yana kallonshi. Alƙali ba ya sakin mutum don lauyanshi ya iya faɗa a Facebook. Kuma littattafan nan sun kawo ma Gani kuɗi nashi na kanshi, shi ya sa ya iya yi ma talaka shari'a kyauta, ya biya ma ɗalibai kuɗin makaranta, ya kuma maida lambar girma ta OFR da gwamnatin Yar'adua ta ba shi 2008. Mai jin yunwa da wuya ya ce ma gwamna a'a. Don haka ka samu ofishin babban lauya ka zauna ƙarƙashinshi ka koyi rubuta takardun kotu, ka yi shari'ar fili da gado da haya, kada ka raina su, su za su ciyar da kai.

Kada ka yi gaggawar suna. Sai 2001 aka ba shi SAN, matsayin babban lauya na Najeriya, bayan da yawa daga na bayanshi sun samu. Takarar shugaban ƙasa da ya yi 2003 kuwa ni ban ga ribarta ba, gara shari'ar da ya ci INEC 2002 wadda ta buɗe ƙofar rajistar jam'iyyu. Ya rasu Satumba 2009, Allah ya jiƙanshi.

Kuma ba sai ka tafi Legas ba. Nan gida akwai aiki, je ka gidan yari ka ga masu jiran shari'a, wani akuya aka ce ya sata ya daɗe ciki ba wanda ya buɗe fayil nai. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotu na da nisa, kuma beli a caji ofis kyauta ne, amma tsohuwar da ta taho daga Gwadabawa ko Tangaza ba ta san haka ba, sai ta saida tunkiyarta. Ka koyi shari'ar Musulunci sosai, littattafan Risala da Tuhfa, don matan da ake danne ma gado da ciyarwa kotun Musulunci suke zuwa, kuma ka yi masu bayani da Hausa yadda za su gane. In ka shiga gaban alƙali ka rusuna ko ka san ka fi shi karatu.

Na tura maka kuɗin littafin da ka ce ta hannun kawunka, in sun shigo ka kira ni. Ka kira innarka ita ma ka kwantar mata da hankali, kada ka ambaci Gashuwa.

Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Baba